Bindigar Da Ko Ta Zamani: Wacce Ta Fi Inganci?

Wani matashi daga wajen Tibiri, kusa da Maraɗi a Nijar, ya aiko da tambaya. Kakansa ya rasu ya bar bindigogi biyu: ta farauta mai baki ɗaya da aka rubuta Saint-Étienne, sunan wani gari a Faransa, a jikinta, da tsohuwar adaka irin wadda ake bugawa ranar hawan Sallah. Dattawan gidansu suna cewa da tsohuwar zuma ake magani, ƙarfen da ba irin na yanzu ba ne, bindigar zamani kuwa roba ce. Abokansa kuma suna zuga shi ya rabu da tsohon kaya ya nemi sabuwa. Yana so ya san wacce ta fi inganci da aiki.

Ɗana, Allah ya jiƙan tsoho, ya kai haske kabarinsa. Na yi shekaru ina kwance bindigogin farauta ina ɗaurawa, don haka zan faɗa maka abin da hannu ya taɓa, ido ya gani. Kowace bindiga an ƙera ta ne domin wani irin albarushi da wani irin harsashi. Ingancinta yana ga abu biyu: ko abin da kake ɗura mata shi ne wanda maƙerinta ya nufa, da kuma halin da bututunta yake ciki a yau. Shekarunta suna zuwa ne daga baya.

Maganar dattawanku tana da tushe, amma akwai abin da ido ba ya gani a cikinta. Tsohuwar bindigar da ta kawo yau, wadda ta tsira ce. Ƴan uwanta da aka ƙera da mugun ƙarfe sun daɗe da fashewa, ko tsatsa ta cinye su, ko maƙera sun narke su sun yi fartanya. Idan mutum ya ɗauki wadda ta yi saura ya ce haka duk bindigogin da suke, to ya auna zamani guda da zakaransa ne kawai. Adakar da ta shigo ƙasar Hausa ta hanyar Tarabulus da ta bakin teku, akasarinta an ƙera ta ne a Birmingham ta Ingila da Liège ta Beljiyam musamman domin kasuwar Afirka, kuma da yawa daga cikinta kayan araha ne da su kansu Turawan ba za su ba sojansu ba. Bututunta sumul yake a ciki, ana ɗura ta ta baki, dutsen ƙanƙara ne ke ƙyasta mata wuta. Idan abin hari ya wuce mita 70 ko 80, samunsa sai sa'a. In damina ta sauka albarushi ya ji danshi, sai ta ƙi tashi. Shi ya sa a yaƙe-yaƙen Katsinawan Maraɗi da Gobirawan Tibiri, har zuwa zamanin Sarkin Katsinan Maraɗi Ɗan Baskore, doki da mashi da kwari da baka ne jigon fama. Maharbi mai kibiya zai saki da yawa kafin ɗan bindiga ya gama ɗuri ɗaya. Sarkin Damagaram Tanimun ne ya yi fice wajen tara bindigogi, har ana haɗa albarushi ana zuba igwa a Zinder, amma ko shi yawa ne ƙarfinsa da tsoron da ƙara ke sa wa dawaki.

Babban sauyi a tarihin bindiga ya faru tun kafin a haifi kakanka. A 1884 wani masanin haɗa sinadarai ɗan Faransa, Paul Vieille, ya samar da albarushi marar hayaƙi, kuma a 1887 sojan Faransa suka ɗauki bindigar Lebel, ƙirar 1886, da ke aiki da shi. Wadda ta gabace ta, wato Gras ta 1874, baƙin albarushi take ci, harsashinta mai kaurin milimita 11, ɗaya-ɗaya ake sa shi, yana fita da gudun kusan mita 450 a daƙiƙa. Na Lebel milimita 8 ne, gudunsa ya haura mita 600. Dalili shi ne baƙin albarushi ba ya ƙonewa duka. Fiye da rabinsa yana komawa hayaƙi da toka. Tokar nan tana laƙe wa bututu, tana jan danshi, in aka bar ta ta kwana biyu sai tsatsa ta kama. Marar hayaƙi kuwa kusan dukkansa iska yake zama, kaɗan daga cikinsa yana aikin mai yawa na baƙin, kuma matsin da yake yi a cikin bututu ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Ka riƙe wannan magana ta matsi, domin kusan duk hannun da na ga bindiga ta illata, daga nan abin ya taso.

To daga wannan lokaci zuwa yau fa? A nan ne nake goyon bayan dattawa fiye da yadda samari ke so. Bindigar Mauser ta Jamus ta 1898, mai sakata da ake ja da hannu, har gobe masana'antu suna kwaikwayon tsarinta wajen ƙera bindigogin farautar manyan namun daji. Lee-Enfield ta Ingila mai cin harsashi 10, da MAS 36 ta Faransa mai cin 5 wadda tsofaffin sojanmu suka sani, in bututunsu lafiya yake, suna kai harsashi inda aka nufa a mita ɗaruruwa. Wadda ta fito daga masana'anta bana ba ta ninka su ba. Abin da ya ƙaru shi ne daidaito: injin da kwamfuta ke sarrafawa yana yanka ƙarfe dubu iri ɗaya, harsashin yau nauyinsa da albarushinsa ba sa saɓawa daga wannan zuwa wancan, ga kuma madubin hange da ake ɗorawa a sama. Sau da yawa madubin ne ke sa a ce sabuwa ta fi saiti, alhali idon maharbi aka taimaka.

Ita kuwa bindigar farauta irin taka, mai watsa ƙwayoyin dalma, ita ce ta fi kowace tsayawa wuri ɗaya. Ƙwayoyin suna fita da gudun kusan mita 400 a daƙiƙa, iska tana rage musu ƙarfi nan da nan, kuma bayan mita 30 zuwa 35 sun watse ta yadda zabo ko zomo zai iya ratsawa ta tsakaninsu ko ya tafi da rauni. Wannan iyaka ta dalma da iska ce, babu masana'antar da ta ɗage ta. Dabarar matse bakin bututu don ƙwayoyi su tafi a dunƙule an san ta tun wajen 1870. Saboda haka in ka ji mai sayarwa yana cewa sabuwar bindigarsa tana kayar da fakara a mita 70, cinikinsa yake nema. Maharbin da ya iya sanɗa, ya san inda iska ke kaɗawa, da tsohuwar mai baki ɗaya zai koma gida da nama, mai sabuwa da bai iya ba ya koma da kwanson harsashi.

Idan taka irin wadda ake buɗewa da jan ƙarfen da ya kewaye kunama ce, to mai yiwuwa Simplex ce ta kamfanin Manufrance, wadda aka fara fitarwa a 1908 kuma ta cika ƙasashen da Faransa ta mallaka. Ina girmama wannan bindiga. Kayan cikinta kaɗan ne, babu abin da aka sa don ado. Ka kwance ta ka shimfiɗa a kan tabarma, za ka ga sawun zarto a wuraren da ƙarfe ke haɗuwa da ƙarfe, inda wani ma'aikaci ya zauna ya goga har suka zauna daram. Rufe ta ka ji: ƙara ɗaya ce, ƙas, babu wani kaɗawa a bayanta. Wannan aikin hannu shi ne abin da dattawa suke ji a tafinsu suke kira ƙarfen da. A yau ma ana yin irinsa, sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka. Wani alherin tsohuwar kuma, in sifirin ya karye ko allurar da ke dukan harsashi ta lanƙwashe, gwanin maƙeri zai iya gyarawa. Sabuwa mai ɗura kanta, in wani ɗan abu na roba ya tsage a cikinta, sai dai a jira a kawo daga waje, in ma ana samu.

Amma shi ƙarfen kansa, gaskiya ɗaya ce, na yau ya fi. Ana gauraya shi da sinadaran da ke ƙara masa tauri da juriya, ana auna zafin da ake gasa shi da na'ura, ba da kallon launin wuta ba, kuma ana iya gano tsaga a cikinsa kafin ya bar masana'anta. Bindigogi da yawa na yanzu ana shafe cikin bututunsu da wani farin ƙarfe mai hana tsatsa, wanda ga mai zama inda damina ke bin bayan ƙurar hunturu ba ƙaramin abu ba ne. Haka ma hular harsashi, wato ɗan abin da allura ke duka wuta ta tashi: ta da tana barin wani gishiri a bututu mai jan ruwa daga iska, sai daga wajen 1927 aka fara samun wadda ba ta cin ƙarfe. Yawancin ramukan da za ka gani cikin tsohon bututu aikin wannan gishirin ne, tare da mai bindiga da ya dawo daga daji a gajiye ya rataye ta bai wanke ba.

Batun roba da dattawa ke rainawa, a yi masa adalci. Katako yana kumbura da damina, ya tsuke da rani, ya tsage a wuya inda yake haɗuwa da ƙarfe, gara kuma ba ta jin kunyarsa in an jingine shi a bangon laka. Roba mai kyau duk ba ta san wannan ba. Tun da Glock, ƙaramar bindiga mai jikin roba ta Ostiriya, ta fito a farkon shekarun 1980 sojoji da ƴan sanda na ƙasashe da yawa suka gwada ta suka yarda da ita. Roba marar kyau kuma, ranar watan Afrilu ta Maraɗi tana gasa ta har ta yi gautsi. Nan ne zancen yake: sabuwa ma hawa-hawa ce. Akwai masu arahar da na buɗe na tarar da ƙarfen cikinsu ya fara cinyewa tun fentin waje bai koɗe ba. Tsohuwar Simplex mai lafiya ta fi irin waɗannan, ko shakka babu. Baikal ta Rasha mai baki ɗaya kuwa, duk da ba ta da kyan gani, tana shan wahala ba ta gajiya, kuma mafarauta da dama sun shaida haka.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne da kyau. Cire katakon gaba, ka raba bututu da gangar jiki, ka juya shi ka duba ƙarƙashinsa kusa da inda harsashi ke zama. Za ka ga hatimai ƙanana da lambobi. Hatiman na gidan gwaji ne. Saint-Étienne tana da nata tun 1782, Liège tun 1672, Birmingham tun 1813. A can ake ɗura wa bindiga abin da ya fi ƙa'ida ƙarfi a harba, in ta jure a buga mata shaida. A bindigar Faransa, haruffan PT suna nufin an gwada ta da albarushi marar hayaƙi. In babu wata shaida irin wannan, ka ɗauka ta baƙin albarushi ce, kada harsashin kanti ya kusance ta. Sannan ka nemi lambar tsawon mazaunin harsashi a milimita: 65 (a tsofaffi sosai an rubuta 6,5, wato a santimita), ko 70, ko 76. Tsofaffin bindigogin Faransa da yawa 65 ne, harsashin da ke yawo a hannun mutane yanzu kuwa galibi 70 ne. Tarkon shi ne ana auna tsawon harsashi ne bayan an harba shi bakinsa ya buɗe. Kafin harbi, na 70 gajere ne, zai shige mazaunin 65 salin-alin, bindiga ta rufe kamar babu komai. Sai an ja kunama bakin kwanson ya rasa wurin buɗewa, ya matse hanya, matsi ya ƙaru. Ba lalle ta fashe ranar farko ba. Tana saki ne a hankali, ƙugiyarta tana gajiya, har ranar da abin zai faru. Na 76 ya fi muni: a ma'aunin matsi da ake kira bar, ƙa'idar Turai ta yarda wa harsashi mai lamba 12 (lambar da ke nuna faɗin bututu) na 70 matsin bar 740, na 76 kuwa har bar 1050. Ka kuma guji harsashi mai ƙwayoyin ƙarfe maimakon dalma, domin yana karce tsohon bututu yana kumbura bakinsa.

In ka ga bututu mai zane kamar an murɗa igiya an naɗe, kyakkyawa ƙwarai, wannan sandunan ƙarfe ne aka murɗa aka naɗa aka haɗa da wuta da guduma. Kowace mahaɗa ƙofa ce ga tsatsa, kuma tana ci ne daga ciki inda ido ba ya kaiwa. Irin wannan ta ado ce yanzu. Haka nan tsofaffin Gras da aka rarake cikinsu aka mai da su na farauta masu lamba 24 bayan soja sun yar da su. A girmama su a bango.

Bayan hatimi, ka ɗaga bututun ka saita shi da hasken sama, ka leƙa ta baya kana juya shi sannu a hankali. Lafiyayye za ka ga haske yana zagaye cikinsa zobe-zobe, babu karkata. Inda ka ga baƙin zobe, kumburi ne. Inda zoben ya lotsa, an buge shi daga waje. Ɗige-ɗige baƙaƙe kuma ramukan tsatsa ne, kuma zurfinsu ne abin tsoro. Bi bayansa da yatsa ido rufe, yatsa yana jin abin da ido ya tsallake. Sai ka mai da shi jikin bindigar ba tare da katakon gaba ba, ka riƙe ta ta wuya ka girgiza. In ka ji wani ɗan motsi, ko ka ga haske yana ratsawa tsakanin gindin bututu da fuskar ƙarfen da ke rufe shi, ta saki. Wani abu kuma da takardun Turawa ba su cika ambata ba amma mu nan mun san shi: zanzaro. Bindigar da aka rataye wata da watanni, zanzaro yana shiga bakinta ya gina ɗakinsa na laka. Wannan ɗan gini ya isa ya tsaga bututu, sabo ko tsoho. Haka in bakin ya caki ƙasa a fadamar Gulbi. Kowane fita, a leƙa kafin a ɗura.

Adakar kuma, abu na farko kada ka ɗauka babu komai a cikinta. Tsofaffi sukan rataye ta a ɗure, kuma baƙin albarushi in bai jiƙe ba yana iya tashi bayan shekaru masu yawa. Ka juya bakinta inda babu kowa, ka zura sandar ɗuri har ta tsaya, ka yi alama, ka fito da ita ka gwada ta waje. In ba ta kai gindin bututu ba, akwai ɗuri, ka kai wa wanda ya san aikin ya cire. Na biyu, kuma wannan ina roƙon duk ƴan bindigar da ke raka Sarki ranar hawa su ji: kada a farke harsashin zamani a juye albarushinsa cikin adaka don a sami ƙara. Yawancin adakar da ke hannun mutane yau ƙirar gida ce, wasu ma da bututun da ba a yi shi don wuta ba, babu gidan gwajin da ya taɓa ganinsu. Ma'aunin da ya dace da baƙin albarushi, in aka cika shi da marar hayaƙi, bututun ba zai ɗauka ba, kuma hannun hagu ne ke riƙe da daidai wurin da yake tsagewa. Na ga samari masu ƙarfi da suka rasa yatsu ta wannan hanya, ga taro kewaye da su, mata da yara. Abin yana ci mini rai domin babu wanda ya nufi sharri, burge jama'a kawai ake so.

Kada kuma ka ɗauki sanfefa ka goge su don su yi ƙyalli. Baƙin da ke jikin tsohon ƙarfe kariya ce, kuma goge shi yana share hatiman da za su gaya maka asalinta, ya zubar da darajarta. Tsumma da ɗan man inji sun isa, ciki da waje, a ajiye nesa da ƙasa da bangon da ke tsattsafo, harsashi a wani wuri daban da yara ba sa kaiwa.

Saura maganar hukuma, wadda ba a wasa da ita a wannan lokaci. Izinin riƙe bindiga na mutum ne, ba a gadonsa kamar gona. Takardar kakanka ta tafi tare da shi. Ka san halin da ake ciki a yankunan Madarunfa da Gidan Rumji saboda ɓarayin daji, ka san yadda jami'an tsaro ke kallon duk wanda aka gani da makami ba takarda. Kafin bindigar nan ta fita ƙofar gida, ka tafi tare da wani babba na gidanku ku sanar da hukuma, a nuna muku hanyar neman izini da sunanka. Farauta ma tana da dokarta a Nijar, ta 29 ga Afrilu 1998, mai tsara lokaci da irin naman da aka yarda a harba, kuma ma'aikatan gandun daji ne ke ba da takardarta. Wuri irin dajin Gadabeji an keɓe shi don kare namun daji tun 1955. Bindigogin yaƙi da na ambata a sama, na kawo su ne don kwatance. Wanda ya tarar da irinsu a kayan gado, akwai hukumar ƙasa mai karɓar haramtattun makamai da aka kafa a 1994, can ya dace su tafi.

Ga abin da zan yi da a ce ni ne kai. Adaka ta zauna a gida a matsayin kayan tarihi, in za a buga ta ranar Sallah to da baƙin albarushi kaɗai, babu dalma, bayan wanda ya san aiki ya duba ta. Ta farautar kuma, in hatiminta ya nuna PT da 70, cikinta sumul, ba ta girgiza, ka riƙe abinka. Da harsashi mai sauƙin ɗuri za ta yi maka duk abin da sabuwa mai baki ɗaya za ta yi. In 65 ce, sai ka sami harsashin 65 ko 67 sannan ka harba ta, kuma kada ka yarda wani ya ce zai rarake mazaunin ya ƙara masa tsawo, domin naman ƙarfen yake ragewa a daidai inda matsi ya fi yawa. In kuwa ka ga kumburi ko rami mai zurfi, aikinta ya ƙare, ka nemi sabuwa mai hatimin gwaji daga hannun dillalin da hukuma ta sani.